Ba Tsiro Ba, Ba Dabba Ba: A Wace Masarauta Za a Sa Su?

Bari mu fara da kacici-kacici. Wata halitta ce koriya shar kamar ganyen alayyafo. Idan rana ta fito, da haskenta take haɗa abincinta, kamar yadda gero da dawa suke yi. Amma ba ta da saiwa, ba ta da ganye, kuma ba ta zama wuri ɗaya. Tana da wata 'yar bulala da take kaɗawa tana iyo, ga wani jan ɗigo a gabanta da ke taimaka mata ta gane inda haske yake. Idan aka ajiye ta a duhu, sai ta koma tsotsar abincin da ya narke a cikin ruwa. Tsiro ce ko dabba?

Idan kun kasa, ku ba mu gari. Sunanta yugilina, kuma tana cikin halittun da ke sa ruwan kududdufi ya yi kore. Ƙarama ce ƙwarai, sai an jera kamar guda 20 kafin su cika milimita ɗaya. Kada wanda ya kasa ya ji kunya, domin masana ma sun daɗe suna jayayya a kanta. Masana tsirrai sun rubuta ta a littattafansu, masana dabbobi su ma sun rubuta ta a nasu, kowa yana cewa tasa ce. A wannan makon za mu bi labarin yugilina da ire-irenta, mu ga yadda aka yi ta sauya musu gida, da abin da hakan ke nufi ga lafiyarmu da gonakinmu.

Ƙwayar halitta iri biyu ce

Kamar yadda ake gina ɗaki da tubali, haka jikin kowane abu mai rai ya ginu da ƙananan tubala da ake kira ƙwayoyin halitta. Jikin babban mutum yana da kimanin tiriliyan 30 na waɗannan ƙwayoyi. Amma akwai halittun da ƙwaya ɗaya tak ita ce dukkan jikinsu. Da ita suke ci, da ita suke motsi, da ita suke hayayyafa.

Ƙwayoyin halitta sun kasu gida biyu. A wasu, bayanan gado, wato DNA, suna killace a cikin wani ɗan ɗaki mai bango da ake kira nukiliyas. Masu irin wannan ƙwaya su ne yukariyot, kuma a cikinsu mutane da dabbobi da tsirrai da naman kaza suke. A wasu kuwa babu wannan ɗaki, DNA ɗin yana zube ne a cikin ƙwayar. Waɗannan su ne purokariyot, kamar bakteriya. Halittun da muke magana a kansu yau suna da nukiliyas kamar mu, amma ƙwaya ɗaya ce da su kamar bakteriya. Amiba da faramisiyam da yugilina da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro duk suna cikinsu.

Daga masarauta biyu zuwa biyar

Masana ilimin halittu suna ba kowace halitta adireshi. Idan aka tambaye ku inda kuke, za ku fara da ƙasa, sannan jiha, ƙaramar hukuma, gunduma, unguwa, har a zo ƙofar gida. Haka ake sauko da halitta mataki-mataki daga babban rukuni zuwa jinsinta. Babban rukunin nan shi ake kira masarauta.

Tun zamanin Aristotle na ƙasar Girka, mutane sun raba masu rai gida biyu: abin da ke motsi yana ci dabba ne, abin da ke kafe wuri ɗaya yana girma tsiro ne. Ko da Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ya fitar da tsarinsa na rarraba halittu a 1735, masarautu biyun nan ya ba masu rai, ya ware ta uku ga duwatsu da ma'adanai.

Amma tun kafin Linnaeus an riga an samu abin da zai dagula lissafin. A garin Delft na ƙasar Holan akwai wani mai sayar da yadi, Antonie van Leeuwenhoek, wanda ya ƙware wajen haɗa ƙananan gilasan ƙara girma. A 1674 ya ɗebo ruwan wani tafki ya duba, sai ya ga abubuwa masu rai suna kai da kawo a cikin ɗigo ɗaya. Ya kira su ƙananan dabbobi, ya rubuta wa masanan birnin Landan abin da ya gani. Daga nan aka riƙa cusa masu motsi cikin dabbobi, masu launin kore cikin tsirrai. Masu motsi kuma koraye, irin yugilina, sai suka zama kamar jemage: ba su ga tsuntsu, ba su ga dabba.

A 1866 wani Bajamushe, Ernst Haeckel, ya ce a daina wahala, a gina musu tasu masarauta. Ya sa mata suna Protista, ya zuba ƙananan halittu iri-iri a ciki, har da bakteriya. Da madubin ƙara girma, wato maikuroskof, ya ƙara inganci, sai aka gane bakteriya ba su da nukiliyas. Wani Ba'amurke, Herbert Copeland, ya fitar da su ya ba su tasu masarauta, aka koma huɗu. A 1969 Robert Whittaker, shi ma Ba'amurke, ya cire naman kaza da funfuna da yis daga cikin tsirrai, tunda ba sa haɗa abinci da hasken rana. Ta haka aka samu masarautu biyar ɗin da ke cikin littafinku na bayoloji: Monera, Protista, Fungi, Plantae da Animalia.

Ɗakin tarkace

Ku lura da wani abu. Idan aka ce ku faɗi abin da ya haɗa tsirrai, za ku ce suna da ƙwayoyi masu yawa kuma suna haɗa abinci da haske. Idan aka ce dabbobi, za ku ce suna da ƙwayoyi masu yawa kuma suna cin abinci. To me ya haɗa 'yan Protista? Amsar da aka fi bayarwa ita ce: duk mai nukiliyas da ba tsiro ba, ba dabba ba, ba fangas ba. Ke nan an bayyana su ne da abin da ba su ne ba.

Kusan kowane gida yana da ɗakin da ake tura kayan da aka rasa inda za a ajiye: tsohuwar fitila, karyayyen keke, buhun da babu kowa a ciki. Babu abin da ya haɗa kayan nan sai rashin wurin zama. Haka masarautar Protista ta zama. Daga baya ma wasu masana sun tura manyan ciyayin teku ciki, waɗanda wasunsu kan wuce mita 40 a tsawo, suka zauna ɗaki ɗaya da amibar da ido ba ya gani.

Domin a samu ɗan tsari, sai aka raba mazauna ɗakin bisa sana'arsu. Masu kama da dabbobi, waɗanda ake kira furotozowa, suna farauta ko su zauna a jikin wata halitta. Masu kama da tsirrai, wato dangin gansakuka, suna haɗa abinci da haske. Masu kama da fangas suna tsotsar abinci daga ruɓaɓɓun abubuwa. Su furotozowa kuma aka sake raba su bisa yadda suke tafiya: amiba tana miƙa wani sashe na jikinta ta bi shi, faramisiyam yana kaɗa dubban ƙananan gasu kamar masu tuƙa kwalekwale, wasu suna kaɗa bulala, wasu kuma ba su da gaɓar tafiya da ake gani. Wannan rabo yana da sauƙin haddacewa. Sai dai direbobin tasha ɗaya sana'a ce ta haɗa su, ba uwa da uba ba.

Kama da wane ba ta wane

Abin da ya sauya komai shi ne lokacin da masana suka iya karanta bayanan gado. Idan halittu biyu dangin juna ne na kusa, rubutun da ke cikin DNA ɗinsu yakan yi kama sosai. Idan nesa suke, bambancin yakan yi yawa. Da irin wannan kwatanci Carl Woese na Jami'ar Illinois a Amurka ya gano a 1977 cewa abin da ake kira bakteriya gida biyu ne masu nisa da juna. A 1990 shi da abokan aikinsa suka kawo wani mataki da ke sama da masarauta, wanda za mu iya kira daula. Dauloli uku ne: Bacteria, Archaea da Eukarya. Dabbobi da tsirrai da fangas da dukkan 'yan Protista suna cikin ta uku.

Da aka juya wannan bincike kan mazauna ɗakin tarkace, sai abubuwan mamaki suka bayyana. Amibar da kuke zanawa a aji ta fi kusa da dabbobi da naman kaza fiye da yadda take kusa da faramisiyam, duk da cewa a shafi ɗaya suke a littafi. Akwai wasu ƙananan halittun ruwa masu bulala ɗaya da wani abu kamar kwalar riga kewaye da ita. Su ne dangin dabbobi mafi kusa a cikin duk masu ƙwaya ɗaya. Gansakuka koriya irin Spirogyra da Chlamydomonas tana reshe ɗaya da bishiyar kuka da masara. Faramisiyam da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, wato Plasmodium, 'yan gida ɗaya ne, ko da yake ɗaya yana yawo a kududdufi, ɗayar tana ɓuya a cikin jini.

Yugilina fa? Ba ta cikin tsirrai, ba ta cikin dabbobi. Daga cikin danginta na kusa akwai Trypanosoma, ƙwayar da ƙudan tsando ke yaɗawa, wadda ke jawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu. To ina ta samo launin kore? A 1967 wata masaniya Ba'amurkiya, Lynn Margulis, ta kawo hujjoji cewa wasu sassan da ke cikin ƙwayar yukariyot asalinsu bakteriya ne da aka haɗiye amma ba a narkar ba, suka zauna suna aiki a ciki. Haka mitokondiriya take, wadda ke samar wa ƙwaya ƙarfi, haka kuma kilorofilas, wurin da ake haɗa abinci da haske. Bincike ya nuna kakannin yugilina sun haɗiye wata gansakuka koriya ne suka riƙe kilorofilas ɗinta. Launin da ya ruɗi masana shekara da shekaru, ashe kayan aro ne da ya zama na gado.

Saboda haka yawancin masana a yau ba sa ɗaukar Protista a matsayin masarauta ta gaskiya. Wasu, kamar Thomas Cavalier-Smith na Ingila, sun raba ta biyu, Protozoa da Chromista. Wasu sun ajiye maganar masarautu gaba ɗaya, suna zana daular Eukarya kamar bishiya mai manyan rassa. A wannan bishiya dabbobi da tsirrai da fangas ƙananan rassa ne guda uku, sauran rassan duka na waɗannan ƙananan halittu ne. Har yanzu ana samun sababbi. A 2018 masana a ƙasar Kanada sun duba wasu halittu da aka samo a cikin ƙasar da aka ɗebo a bakin hanyar daji, suka ga ba su shiga ko ɗaya daga manyan rassan da aka sani ba.

Me ya shafe mu?

Wani zai ce wannan ai gardamar masana ce. To ku duba kalmar da muke amfani da ita kullum, ƙwayar cuta. Da ita muke kiran bairas ɗin ƙyanda, da bakteriyar taifot, da Plasmodium na zazzaɓin cizon sauro, alhali uku ɗin ba su haɗa komai ba sai ƙanƙanta. Magunguna dangin fenisilin, irin su amoksisilin, suna kashe bakteriya ne ta hanyar lalata bangon da ke kewaye da ita. Plasmodium ba ta da irin wannan bango. Wanda ke fama da maleriya ya sayi kafso a kemis ya sha, ya yi asarar kuɗinsa, ya kuma ba cutar lokaci. Maleriya tana kashe kimanin mutum 600,000 a duniya kowace shekara, mafi yawansu ƙananan yara a Afirka, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu kamuwa. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke cewa a yi gwaji kafin a sha magani.

Wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, shi ya fara ganin Plasmodium a jinin mara lafiya a Aljeriya a 1880. Fiye da shekara ɗari bayan haka, a 1996, aka tabbatar tana ɗauke da ragowar kilorofilas a cikinta. Ba ya haɗa abinci da haske kuma, amma ƙwayar ba ta rayuwa sai da shi. Tunda jikin mutum ba shi da irin wannan sashe, masu binciken magani suka samu wurin da za su kai hari ba tare da taɓa mara lafiya ba. Sanin dangin cuta yana nuna inda lagonta yake.

Haka abin yake a gona. Akwai cutar da ke kama gero, ƙasan ganyensa ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gari, zangarniya ta fito da tarin ƙananan ganyaye maimakon tsaba. Wata 'yar uwarta ce ta lalata dankalin turawa a tsibirin Ayilan, maƙwabcin Ingila, daga 1845, inda yunwa da cututtuka suka kashe kimanin mutum miliyan ɗaya. An daɗe ana lissafa masu jawo waɗannan cututtuka cikin fangas, domin suna yin zare-zare kamar funfuna. Daga baya aka gane ba fangas ba ne, danginsu su ne manyan ciyayin tekun da muka ambata. Kayan ginin bangon ƙwayarsu dabam ne, kuma da yawa daga magungunan fangas ba sa yi musu komai. Shi ya sa maganin da ake cakuɗa irin gero da shi kafin shuka yakan ƙunshi sinadari na musamman dominsu.

Wani lokaci kuma gyaran yakan bi ta ɗaya ɓangaren. Pneumocystis, wadda ke jawo ciwon huhu ga masu raunin garkuwar jiki, an yi shekaru ana kiranta furotozowa. A 1988 binciken bayanan gado ya nuna fangas ce. Ita kuwa Trypanosoma, irin ɓarnar da take yi wa makiyaya ta sa akwai cibiya guda a Kaduna da aka kafa domin binciken ciwon barci da sammore.

Ba dukansu ne miyagu ba

Masu jawo cuta kaɗan ne a cikinsu. A cikin tumbin saniya akwai ɗimbin dangin faramisiyam da ke taimakawa wajen narkar da ciyawa. Wasu nau'o'in gara ba sa iya narkar da itacen da suke ci sai da taimakon masu bulala da ke zaune a hanjinsu. A teku da tafkuna akwai dayatom, masu ƙwaya ɗaya da ke zaune cikin ɗan ƙoƙo na gilashi. An ƙiyasta su kaɗai suna yin kimanin kashi ɗaya cikin biyar na duk haɗa abinci da haske da ake yi a duniya, tare da iskar oksijin da ke fita daga wannan aiki.

Dayatom sun fi kusa da mu fiye da yadda muke zato. Dubban shekaru da suka wuce Tafkin Chadi ya ninka girmansa na yanzu sau da yawa. Da ya janye, ya bar wani kwari a arewacin ƙasar Chadi da ake kira Bodele, shimfiɗe da ƙoƙunan dayatom da suka mutu. Iska tana kwasar wannan farar ƙasa, kuma kaso mai yawa na ƙurar hunturun da ke rufe Kano da Maiduguri da Damagaram daga can take tasowa. Idan kuka share tagar aji a watan Janairu, akwai yiwuwar ɓurɓushin gidajensu kuke sharewa.

A zauren jarrabawa

To wanne za ku rubuta idan WAEC ko NECO suka tambaya? Ku bi manhajarku. Idan aka ce ku lissafa masarautu biyar, ku kawo na Whittaker. Idan aka ce ku ba da misalin Protista, amiba da faramisiyam da yugilina da Plasmodium duk daidai ne. Idan aka ce ku faɗi siffofin yugilina, ku raba su biyu: na tsiro su ne kilorofilas da haɗa abinci da haske, na dabba su ne bulalar motsi da jan ɗigon gane haske da rashin bango mai tauri irin na ƙwayar tsiro. Kada ku sa bakteriya cikin Protista, domin ba ta da nukiliyas. Kada ku sa yis, domin ko da yake ƙwaya ɗaya ce da shi, fangas ne.

Tsarin masarautu biyar bai zama ƙarya ba. Taswira ce da aka zana da kayan aikin da ake da su a 1969, kuma har yanzu tana kai mai koyo inda zai fara. Idan kuka shiga jami'a za ku tarar da sabuwa, wadda ita ma ana kan gyara ta.

Ku gwada da kanku

Gani ya kori ji. Ku samu kwalba mai tsabta, ku zuba ruwan kududdufi ko na tafki zuwa rabi, ku jefa 'yar busasshiyar ciyawa a ciki. Da moɗa mai dogon hannu za ku ɗebi ruwan, kada ku shiga ciki saboda tsargiya, kuma ku wanke hannu da sabulu bayan kun gama. Ku ajiye kwalbar a inuwa kamar mako guda. Idan yana ta taru a sama, ku roƙi malamin bayoloji ya taimaka muku ku ɗora ɗigo ɗaya a maikuroskof, a fara da gilashi mafi ƙarancin ƙarfi.

Ku zana duk abin da kuka gani, sannan ku yi wa kowanne tambayoyi uku: Yaya yake tafiya? Kore ne ko ba shi da launi? Yana canza siffa ko a'a? Idan makarantarku ba ta da maikuroskof, ku nemi ƙungiyar ɗalibai masu son kimiyya ta shirya ziyara zuwa wata makaranta ko kwaleji da ke kusa. Mai sayar da yadin garin Delft bai taɓa zuwa jami'a ba, kuma gilashi ɗaya ne a jikin na'urarsa. Ku aiko mana da zanenku tare da sunan makarantarku, za mu buga waɗanda suka fi kyau a wannan shafi.